Bashi Tsakanin 'Yan'uwa: Musayar Waƙa Daga Zangon Kumasi

Ɗan kasuwa daga Aboabo:

Iyayena da yayyena, ina gaishe ku da girmamawa,
Na zo muku da damuwar da ta hana idona rintsawa.
Akwai ɗan'uwan da muke sujada tare tun da daɗewa,
Na ba shi jarin goro a kasuwar Kejetia, babu shaida, babu rubutawa.
Lokacin biya ya yi har ya wuce, shi kuwa sai zillewa,
In ya hango ni a layin masu albasa, sai ya sake hanyar wucewa.
Ran Lahadi benci ɗaya muke zama, amma ba ma gaisawa.
Shin in yafe kuɗin in huta, ko kotu ce za ta yi mana rabawa?

Dattijon ikkilisiya daga Asawase:

Ɗana, ka tambayi batun kuɗi, ni kuwa zan fara da gaisuwa,
Domin a Linjilar Matiyu sura ta 5 an sa sulhu gaba da baikon da kake miƙawa:
Wanda ya tuna akwai jiƙaƙƙa, ya ajiye baiko a gaban bagade, ya je su yi shiryawa.
Sura ta 18 kuma ta shimfiɗa matakan da ba a tsallakewa:
Ka same shi ku biyu kaɗai, inda babu kunnen da ke saurarawa,
In ya ƙi ji, ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu su zama masu shaidawa,
Sai in hakan ya gagara ne ikkilisiya take shigowa.
Kai fa ka kawo mana maganar tun ba ka taka ƙofarsa ba, ka yi gaggawa.

Gwaggo mai atamfa daga Tafo:

Baba, a gafarce ni, ban ƙi taka ba, amma ina da ƙarawa,
Mu da muke wuni a rumfa mun san zafin jari in ya yi karyewa.
Gafara bakwai har sau saba'in zuciya take wankewa,
Ba ta biyan kuɗin haya, ba ta sa yara a makaranta su yi zaunawa.
Zakka, mai karɓar haraji na Yariko, da ya tuba, ai bai tsaya ga baki ba wajen faɗawa,
Ya ce wanda ya zalunta, ninki huɗu zai yi masa mayarwa.
A yafe masa ɓacin rai, amma ya riƙa kawo sidi kaɗan-kaɗan kamar zubin adashi, har ranar gamawa.

Malamin makarantar Lahadi daga Alabar:

Yaya, batun kotu a ajiye shi, Manzo Bulus ya tsawata wa Korantiyawa,
Ya ce abin kunya ne a rasa mai hikima ɗaya a cikinsu da zai iya sasantawa.
Da ya rubuta wa Filimon a kan bawansa Onisimus, dubi yadda ya yi tsayawa:
Ya ce in akwai bashi a ɗora a kansa, shi ne mai biyawa.
Kuma sulhu bai tilasta muku ku koma ciniki tare ba bayan daidaitawa.
Ibrahim da Lutu, da makiyayansu suka yi faɗa, sun zaɓi rabuwa,
Ibrahim ya bar wa ƙarami zaɓin ƙasa, zumunci kuwa bai yi yankewa ba,
Don da sarakuna suka kama Lutu, shi ne ya bi su da dare ya yi ƙwatowa.

Dattijon ya sake amsawa:

'Yata ta Tafo, kin yi gaskiya, haƙƙi ba ya zama abin mantawa,
Sai dai akwai tambayar da har yanzu babu mai yin ta a cikin masu amsawa.
Goro amana ce mai wuya, ko an naɗe shi da ganyen fita yana son dubawa,
In sankara ta shiga huhu, kafin a ankara rabinsa ya zama na zubarwa.
Mai yiwuwa asara ce ta same shi, kunya kuma ta hana shi bayyanawa.
Ɗana, ka je gidansa da yamma, ka fara da tambayar iyali da lafiyar tsohuwa,
Kada ka ambaci lissafi sai ka ji abin da ya sami kayan tun daga saukewa.
In ya rufe maka ƙofa, ka zo Asawase ka ɗauke ni, ni da gwaggonka mu yi maka rakiyar komawa.