Motar tsofaffi a New York: ta ina ake farawa?

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifiyarmu shekarunta 74, a yankin Bronx na birnin New York take. Gwiwa ta matsa mata, matakalar tashar jirgin ƙasa ta gagare ta, ga wankin ƙoda sau uku a mako. Kuɗin tasi ya fara fin ƙarfinmu. An ce akwai motar gwamnati mai zuwa har ƙofar gida. Wanda ya san hanya ya haska mana, don Allah.

Amsa ta farko: Wa'alaikumus salam, Allah ya ba Hajiya lafiya. Access-A-Ride ake kiranta, hukumar sufuri ta MTA ke tafiyar da ita bisa dokar naƙasassu ta Amurka ta 1990. Sai dai ba da shekaru ake shiga ba, sai an tabbatar mutum ba ya iya hawa bas ko jirgi. Ku cike takarda, za a sa mata ranar gwaji, a duba tafiyarta da hawan matakala. Hukunci na fitowa cikin kwana 21, in an hana kuma kuna da kwana 60 na ɗaukaka ƙara.

Wurin gwajin ne ake yawan faɗuwa. Ana tambayar dattijuwa yaya ƙafa, sai ta ce "da sauƙi, alhamdulillahi", ma'aikaci kuwa abin da ya ji shi zai rubuta. Ta bayyana ranar da ciwon ya fi tsanani: taku nawa take yi kafin ta nemi wurin zama, yadda jiri ke ɗibarta bayan wanki. Ku tafi da takardar likita. A ranar kuma ku nemi a rubuta tana buƙatar mai rakiya, don shi ba ya biya.

Amsa ta biyu: 'Yar uwa, tana da Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi? In tana da shi, motar zuwa wankin kyauta ce. Likita ya cike fom mai lamba 2015, jami'ar walwala ta cibiyar wankin ta tsara ɗauka ta dindindin. Medicare zalla, wato inshorar gwamnati ta tsofaffi, ba ya biyan wannan. Motar Access-A-Ride sai ta rage ta masallaci da ziyara.

Amsa ta uku: Ƙari kan na malam na farko. Kuɗin tafiya daidai da na bas ne, wajen dala 3, sauran kuɗin kuwa gwamnatin birnin da MTA ne ke cikawa. Shi ya sa ake haɗa fasinjoji, tafiyar minti 20 tana iya cin awa. Ana kira kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, kafin ƙarfe 5 na yamma. An yarda direba ya makara har minti 30, amma shi minti 5 kawai zai jira ta, don haka ta sauko ƙasa da mayafinta tun da wuri. Fasawa sai da saura awa 2, in ba haka ba a rubuta mata laifi, in ya taru a dakatar da ita. Lokacin dawowa kuma ku ƙara rabin awa, don bayan cire allura sai jini ya tsaya ake sallamarta.