Zariya ko Kafin Hausa: ina neman shawara kafin in canja makaranta

Ɗan Auyo:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙaramar hukumar Auyo, kuma a jarrabawar JAMB ta bana na zaɓi Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya domin in karanci likitancin dabbobi. Makin da na samu ya isa in shiga jarrabawar tantancewa. Tun ina ƙarami ni ke kula da awakin gidanmu, kuma ina ganin yadda makiyayan yankinmu suke sayo allura a kasuwa su yi wa dabba da ka, saboda ba su da wanda za su tambaya.

Mahaifina manomin shinkafa ne, kuma ni ne babba a cikin 'ya'yansa maza. Ya ce ba zai hana ni ba, amma ya fi son in koma Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa in karanci ilimin halittu, wanda shekara 4 ne, kuma kusa da gida. Karatun da nake so shekara 6 ne. Zuciyata tana Zariya, amma na san abin da ke cikin rumbunmu. Wanne ya kamata in ɗauka?

Tsohon Hedimasta, Ringim:

Wa'alaikumus salam, ɗana. Kuɗin rajista shi ne abin da kowa yake fara tambaya, alhali sau ɗaya ake biyansa a shekara, kuma ko da sayar da ɗan rago ana iya haɗa shi. Abin da yake karya ɗalibi ɗan ƙauye shi ne na kullum: abinci, ɗakin kwana idan bai samu na makaranta ba, littattafai, da kuɗin mota, wanda ya ninka tun da aka cire tallafin fetur a 2023. Daga Kafin Hausa za ka iya zuwa gida ƙarshen mako ka ɗebi tsaba da daddawa ka koma. Daga Samaru, inda jami'ar Zariya take, sai dai a turo maka kuɗi, kuma kuɗi a hannun manomi ba kowane wata yake zuwa ba, sai kaka ko bayan an yanke shinkafar rani.

Ka kuma lissafa abin da ba a rubutawa a takarda, wato hannunka a gona. Idan ka yi nisa, mahaifinka zai ɗauki 'yan ƙwadago lokacin dashe da yanka, ga ƙannenka da su ma suke tasowa. Sannan shekara 6 a takarda take. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 kaɗai ya ci wata 8. Na ga yara masu ƙwazo da suka dawo gida daga aji uku, ba don sun faɗi jarrabawa ba, kuma hakan ya fi rashin tafiyar ciwo. Ni dai ina bayan mahaifinka, domin daidai ruwa daidai tsaki.

Dakta, Gumel:

Ina girmama maganar Baba Hedimasta, kuma lissafinsa gaskiya ne, amma akwai abin da ya kamata ƙanena ya sani kafin ya sa hannu. Wannan ba zaɓi ba ne tsakanin makaranta mai tsada da mai sauƙi a kan karatu ɗaya. Sana'o'i biyu ne daban. Wanda ya karanci ilimin halittu ba zai samu rajistar hukumar kula da aikin likitocin dabbobi ta ƙasa ba, kuma yawanci koyarwa ko ɗakin gwaje-gwaje zai nufa. Aiki ne mai daraja ga wanda yake son sa, amma ba shi ka ce kana so ba.

A Zariya na yi karatuna, kuma ba zan ɓoye maka ba, yana da nauyi ƙwarai. Daga aji biyu zuwa sama ba za ka samu sukunin sana'ar gefe ba, balle zuwa gida noma. Sai dai akwai asibitin koyarwa na dabbobi a jami'ar, ga cibiyar binciken kiwo ta ƙasa a Shika, nan kusa. Wanda ya taɓa tsayawa a karar Maigatari ranar Alhamis, ko ta Wudil ranar Juma'a, ya ga yawan shanun da ake hada-hadarsu, ya san mai wannan ilimi ba sai ya jira aikin gwamnati ba.

Game da kuɗi, tun 2024 akwai asusun lamunin ɗalibai na NELFUND. Yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, yana ba ɗalibi naira 20,000 a wata, babu kuɗin ruwa, kuma sai bayan shekara 2 da gama hidimar ƙasa ake fara biya. Kuɗin watan ba zai ciyar da kai gaba ɗaya ba, kuma bashi ne, ba kyauta ba, amma yana rage wa gida kaya sosai. Ka haɗa da neman tallafin hukumar ba da tallafin karatu ta Jigawa. Ka kuma duba Jami'ar Bayero, wadda ita ma yanzu tana da tsangayar likitancin dabbobi, kuma Kano ta fi Zariya kusa da ku.

Maman Yara, Birnin Kudu:

Ɗana, ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne kalmar mahaifinka, cewa ba zai hana ka ba. Dattijo yakan faɗi haka ne idan yana jin nauyin ya ce wa ɗansa ba zai iya ba, kuma kai ma ba za ka iya tsare shi da tambayar buhu nawa yake samu ba. Ka nemi baffanka ko kawunka wanda yake jin maganarsa, ka rubuta masa kuɗin shekara guda dalla-dalla, tare da abin da lamunin zai ɗauke, su zauna su biyu. Idan dangi za su sa hannu, a faɗi wanda zai ɗauki me tun yanzu, ba sai ka yi nisa ba. Idan kuma abin bai haɗu ba, Jami'ar Tarayya ta Dutse tana koyar da kimiyyar dabbobi a tsangayar aikin gona. Ba likitanci ba ne, amma ya fi ilimin halittu kusa da abin da ranka yake so.

Ɗan Auyo:

Na gode, Allah Ya saka muku da alheri. Zan je wurin kawuna a Haɗejiya da lissafin a rubuce, kuma ba zan taɓa zaɓina a JAMB ba sai sun gana da Baba. Dakta, don Allah ina roƙon ka taimaka mini da jerin kayan aiki da littattafan da ake buƙata daga aji biyu zuwa aji shida, da waɗanda ake iya ara wurin na gaba, domin in sa su cikin lissafin.