Iri mai jure gishiri: abin da aka tsayar a Dadin Kowa

A zaman da suka yi kan gishirin ƙasar noma, malaman gona da manoman rani sun yarda cewa jure gishiri a shuka gado ne, amma ƙwayoyin gado da yawa ke haɗuwa su ba da shi. A shinkafa, sashen gadon da aka fi sani shi ne Saltol, wanda aka samo daga Pokkali, tsohon irin Kerala a Indiya. Yana tare sinadarin sodiyam a saiwa don kada ya hau ya ƙone ganye. Sai dai kariyarsa ta ƙaramin tsiro ce. In gishiri ya kama shinkafa lokacin fure, kanta zai iya fitowa ba ƙwaya.

Don haka a kai ƙasa awo kafin sayen iri. Amfanin shinkafa yana fara raguwa daga 3 dS/m (ma'aunin yawan gishiri a ƙasa), alkama daga 6, albasa kuwa tun daga 1.2, abin da ya kamata ya dami masu lambu.

A zaman, an fi daɗewa a kan maganar magudana. Inda ruwa ke kwana, rana ta busar da shi, gishiri ya taru fari-fari. A buɗe magudana tukuna, sannan a wanke ƙasar da ruwa mai yawa. Jifsam, farin ma'adinin da ake gyara ƙasa da shi, na ƙasa mai kanwa ne kawai.