Naman Dajin da Maharba Suka Fi Son Bi

A wata doguwar hira da maharba suka yi kan dabbar da kowa ya fi jin daɗin farautarta, barewa ce ta fi samun masoya. Dalilinsu shi ne wahalarta: hancinta da kunnenta sun fi na mutum nesa ba kusa ba. Shawarar da aka fi nanatawa ita ce ka tunkare ta iska na bugun fuskarka, domin in ta biyo ta bayanka, ƙanshinka ya riga ka isa. Ka fita da asuba ko dab da faɗuwar rana, lokacin da take kiwo. In za ka harba, ka saita bayan kafaɗa, inda zuciya da huhu suke. Wanda ya raunata dabba kuma, dole ya bi sawun jini har ya same ta. Wannan ce shawarar da ta fi kwanta mini a rai.

Masu son tsuntsaye sun zaɓi zabi da fakara, saboda tashinsu na bazata. Zomo kuwa, sun ce da shi sabon maharbi ya kamata ya fara, musamman in yana da kare mai horo.

An yi gargaɗi sosai: kada ka ja kunama sai ka tabbatar da abin da ke gabanka da wanda ke bayansa, ka nemi lasisi, ka ƙyale mai ciki da mai shayarwa. Da yawa sun ce ko sun dawo hannu rabbana, shirun daji da asuba ya biya su.