Neman shawara kan ƙofar shiga ta manhajar sakamakon jarrabawa

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwana na wannan zaure. Ina zaune a birnin Katsina, wajen Ƙofar Ƙaura, kuma wata biyar ke nan ina gina wa wata makarantar firamare mai zaman kanta manhajar da malamai za su riƙa shigar da makin jarrabawa, iyaye kuma su duba sakamakon 'ya'yansu ta waya ba tare da sun zo makaranta ba. Fuskar manhajar da React na gina ta, bayanta Node.js ne da Express, bayanai kuma suna cikin MongoDB.

Ga yadda na tsara shiga. Kowane uba yana da lambar waya da kalmar sirri, waɗanda na ajiye a rumbun bayanai kamar yadda aka rubuta su. Idan abin da mutum ya shigar ya dace da abin da ke ajiye, uwar garke, wato kwamfutar da manhajar ke gudana a kanta, ta ba shi JWT, wani tikitin shiga da ke shaida ko wane ne shi, ni kuma in adana shi a localStorage, wato ma'ajiyar da ke cikin burauzarsa. Makon jiya muka gwada da iyaye ashirin, sai wani daga cikinsu ya kira ni bayan sallar isha'i, ya ce ya lura adireshin shafin ɗansa ya ƙare da 41, da ya mayar da shi 42 sai ga sakamakon 'yar maƙwabcinsa, da sunanta da makinta da sharhin malamarta. Washegari kuma wata malama ta zauna a kwamfutar ofis ta tarar da asusun abokin aikinta a buɗe tun jiya.

Hedimasta yana so a buɗe wa dukkan iyaye kafin ƙarshen zangon nan, ni kuwa hankalina bai kwanta ba, domin amanar 'ya'yan mutane ce. Ina neman ku nuna mini abin da ya kamata in fara gyarawa, ko in ci gaba da JWT ko in sauya, da kuma yadda zan yi da wanda ya manta kalmar sirrinsa, tun da yawancin iyayen nan ba su da imel.

Amsar wani injiniyan manhaja daga Daura:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka yi daidai da ka tsaya ka yi tambaya kafin a buɗe. Abin da ya fi tayar mini da hankali a bayaninka ba shi ne wanda ka fi damuwa da shi ba. Ajiye kalmar sirri yadda aka rubuta ta shi ne zan so ka daina a daren yau, domin yawancin mutanenmu kalma ɗaya suke amfani da ita a Facebook da manhajar banki da duk inda aka nemi kalmar sirri, don haka duk wanda ya samu kwafin rumbunka ya samu makullin da ke buɗe wasu ɗakunan da ba naka ba. A 2009 an kutsa cikin kamfanin RockYou aka kwashe kalmomin sirri fiye da miliyan 32 da ke ajiye a fili, kuma har yau da wannan jerin masu kutse suke fara gwaji.

Hanyar da ake bi ita ce a niƙa kalmar. Kamar yadda gero idan ya zama gari ba ya komawa tsaba, haka ake bi da kalmar ta wani lissafi da ba ya juyawa baya, a ajiye garin kawai. Ranar da mutum ya zo shiga sai a niƙa abin da ya rubuta a kwatanta da wanda ke ajiye. Amma ba kowane injin niƙa ne ya dace ba. LinkedIn sun niƙa nasu da SHA-1 ba tare da gishiri ba, kuma da aka fitar da kimanin miliyan shida da rabi a 2012, an warware mafi yawansu cikin ɗan lokaci, saboda SHA-1 yana da sauri ƙwarai, kwamfuta tana iya gwada zato bila adadin a daƙiƙa guda. Gishirin da nake nufi wasu baƙaƙe ne da kwamfuta ke zaɓowa kara-zube, waɗanda ake haɗawa da kalmar kowane mutum kafin niƙa, ta yadda ko mutum biyu sun zaɓi kalma ɗaya garinsu zai bambanta.

Ka yi amfani da injin niƙa na bcrypt, wanda yake nan tun 1999, da gangan aka yi shi mai jinkiri, kuma shi da kansa yake zuba gishirin. Ka sa nauyin aikinsa a 12, kada ya gaza 10, ka riƙa kiran bcrypt.hash da bcrypt.compare tare da await don kada niƙan mutum ɗaya ya tsayar da sauran masu shiga. Ka sani cewa bait 72 na farko kawai yake dubawa. Argon2id ma yana da kyau, daga dangin da ya ci gasar niƙa kalmar sirri a 2015 yake, kuma shi OWASP, ƙungiyar da ke fitar da shawarwari kan tsaron manhajoji, ta fi gabatarwa, amma ga aikinka kowanne ka ɗauka ya wadatar. Iyaye ashirin ɗin da suka riga suka yi rajista kuwa, ka sa su zaɓi sababbin kalmomi, sannan ka goge duk wani tsohon kwafin rumbun da ke kwamfutarka ko filashinka.

Amsar wata malama mai koyar da ilimin kwamfuta a Katsina:

Duk abin da Injiniya ya faɗa gaskiya ne, sai dai ko ka aikata shi gaba ɗaya, mahaifin nan zai sake mayar da 41 zuwa 42 ya ga sakamakon 'yar maƙwabcinsa. Abubuwa biyu ne ɗalibaina suke yawan cakuɗawa: tantance ko wane ne mutum, da tantance abin da yake da izinin gani. Maigadin makaranta yana iya gane uban yaro ya buɗe masa ƙofa, amma wannan bai ba uban damar shiga ofishin hedimasta ya buɗe kabad ya karanta fayil ɗin kowane ɗalibi ba. Manhajarka tana da maigadi a ƙofa, kabad ɗin ne ba shi da kwaɗo.

Gyaran yana can a uwar garke, ba a React ba. Ɓoye maɓalli ko shafi a fuskar manhaja ba kariya ba ce, domin duk abin da ke gudana a burauza yana hannun mai burauzar, yana iya aika buƙata kai tsaye ba tare da ya bi ta shafinka ba. A kowace hanya ta Express da ke fitar da sakamako, ka fara sa middleware, wato mai tsaron da ke duba buƙata kafin ta wuce, da zai tabbatar mutum ya shiga, sannan idan za ka nemo ɗalibi a MongoDB kada ka nema da lambar ɗalibin kaɗai, ka haɗa da sharaɗin cewa mai neman yana cikin waliyyan yaron. Lambar waliyyin kuwa daga zaman shigarsa, wato shaidar da uwar garke ta tabbatar cewa shi ne ya shiga, za ka ɗauko ta, ba daga abin da burauza ta aiko ba. Haka malami: ajinsa kawai zai iya taɓawa, kuma matsayinsa na malami daga rumbun bayanai za a karanto shi. Ka zauna da takarda ka jera hanyoyinka ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta a gaban kowace wanda ya halatta ya bi ta, domin wadda aka manta ita ce ake shigowa ta cikinta.

Tun da MongoDB kake amfani da shi, ka tabbatar lambar waya da kalmar sirrin da aka aiko rubutu ne zalla kafin su shiga tambayar rumbu, saboda ana iya aiko da wani abu mai ɗauke da $ne a madadin rubutu, tambayar ta koma ma'anar “duk wanda ba fanko ba”.

Akwai kuma maganar da ba ta rubutun manhaja ba. Dokar kare bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta shafi makarantu, ta ba bayanan yara kulawa ta musamman, kuma ta wajabta sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, cikin awa 72 idan an samu ɓarakar da ke iya cutar da masu bayanan. Ka faɗa wa hedimasta abin da ya faru dalla-dalla, ka nemi ya ɗage buɗewar idan gyaran bai kammala ba. Gara ya ji daga bakinka da ya ji daga bakin iyaye.

Amsar wani matashi mai gina manhajoji, daga Ƙofar Marusa:

Ranki ya daɗe Malama, na ƙaru da wannan bayani. Game da JWT, ni a ganina ba sai ya jefar da shi ba. Yana iya rage wa'adin tikitin shiga zuwa minti goma sha biyar, ya ƙara tikitin sabuntawa mai dogon wa'adi a cikin kuki, wato ɗan bayanin da burauza ke ajiyewa tana mayar wa uwar garke a kowace buƙata, kamar yadda nake yi a ayyukana, musamman idan nan gaba makarantar za ta so manhajar Android.

Injiniyan Daura ya sake cewa:

Tsarin da ka kawo ingantacce ne, ɗan'uwa, amma ka duba yawan kayan da zai ɗora wa mutum ɗaya da zango ke ƙare masa. Amfanin JWT yana fitowa ne inda uwayen garke suke da yawa kuma ba a so kowace ta riƙa tambayar rumbu. Shi uwar garke ɗaya gare shi da rumbu ɗaya. Kuma JWT yana da halin da ya kamata ya sani: sa hannu aka yi masa, ba a rufe abin da ke ciki ba, kowa yana iya karanta shi, sannan da zarar an bayar ba a iya karɓe shi sai wa'adinsa ya cika, sai dai a buɗe jerin waɗanda aka soke a rumbu, wanda a ƙarshe ya zama zaman shiga da aka canza wa suna. Idan makaranta ta sallami malami da safe, so ake kafin azahar ya kasa shiga. Ajiye shi a localStorage kuma yana nufin duk wani rubutun JavaScript da ya samu kutsowa shafin, ko ta akwatin sharhin malamai ne, zai iya ɗauke shi.

Shawarata ita ce express-session, wanda ke riƙe zaman shiga a uwar garke, tare da connect-mongo, wanda ke ajiye zaman a MongoDB. Kada ka bar shi a ma'ajiyarsa ta asali, domin a ƙwaƙwalwar wucin gadi take, ba a yi ta don aikin gaske ba, duk lokacin da uwar garke ta sake tashi kowa ya fita. Ka sa wa kukin HttpOnly don JavaScript ya kasa karanta shi, da Secure don kada ya bi ta hanyar da ba a rufe ba, wato wadda ba HTTPS ba, da SameSite a kan Lax. Takardar HTTPS kyauta ce a Let's Encrypt. Da mutum ya shiga ka kira req.session.regenerate, da ya fita ka kira req.session.destroy. Matsalar kwamfutar ofis kuwa, ka sa zaman malamai ya mutu bayan rabin awa ba a taɓa komai ba, ka kuma sa maɓallin fita inda ido zai gan shi. Sirrin da ake sa wa kuki hannu da shi ya zauna a fayil ɗin .env, fayil ɗin kuma ya shiga .gitignore, jerin fayilolin da ba a ɗorawa, idan ya taɓa hawa GitHub, shafin da ake ajiye rubutun manhaja, ko sau ɗaya ne, ka canza sirrin.

Amsar wata 'yar'uwa da ta taɓa yi wa ƙungiyar adashe irin wannan aiki:

Zan taɓa maganar mantuwa, domin a nan na fi shan wuya. Da farko ka daidaita lambobin waya zuwa siffa ɗaya kafin ajiyewa, saboda mutum zai yi rajista da 0803 ya dawo gobe ya rubuta +234803, manhaja ta ce ba ta san shi ba. Idan za ka aika lambar tabbatarwa ta tes, ka samar da ita da crypto.randomInt, ba Math.random ba, ta zama lamba shida, ta mutu bayan minti goma ko bayan kuskure kaɗan, kuma ka sa express-rate-limit a hanyar aikawar da ta shiga, in ba haka ba mutum ɗaya zai iya cinye kuɗin tes ɗin makaranta a dare guda. Ka tuna kuma cewa layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfanin waya yana sake sayar da shi ga wani.

Ga makarantar unguwa da kowa ya san kowa, abin da na ga ya fi sauƙi shi ne uba ya zo ofis, a gane shi, a ba shi lambar wucin gadi a 'yar takarda, wadda za ta tilasta masa zaɓar sabuwar kalma a shigarsa ta farko. Kuma ka tsara rumbun ta yadda yaro ɗaya zai iya samun waliyyi fiye da ɗaya, waliyyi ɗaya kuma yara da yawa, domin a gidajenmu uba yana so ya ga duk 'ya'yansa, kowace uwa kuma nata ɗakin, wani yaron ma a hannun kakarsa ko kawunsa yake. Kada ka matsa wa iyaye da sharuɗɗan babban baƙi da alamomi. Ƙa'idar da hukumar NIST ta Amurka ta fitar a 2017 ta fifita tsawo, aƙalla baƙaƙe takwas, da hana kalmomin da aka riga aka sani, ta kuma daina goyon bayan tilasta canji lokaci-lokaci ba tare da dalili ba.

Mai tambaya ya dawo bayan kwana huɗu:

Allah Ya saka muku da alheri, malamaina. Na sanar da hedimasta, ya amince a ɗage zuwa farkon zango mai zuwa, kuma shi da kansa ya kira iyayen yarinyar ya ba su haƙuri. Na koma bcrypt da express-session, na bi hanyoyina goma sha bakwai kamar yadda Malama ta ce, na tarar da biyar ba su da kwaɗo. Mahaifin da ya gano matsalar ya sake gwada 42 a gabana, manhaja ta hana shi. Abin da ya rage shi ne, a kwamfutata komai yana aiki, amma da na ɗora a intanet sai mutum ya shiga, ya danna shafi na gaba, a mayar da shi ƙofa. React yana wani adireshi, Express yana wani daban.

Injiniyan Daura ya amsa:

Kukin ne ba ya tafiya, ƙanena. Adireshi biyu da tushen sunansu (domain) ya bambanta burauza tana ɗaukarsu gidaje biyu, kuma SameSite a kan Lax ba zai bari kuki ya bi buƙatar fetch daga wannan gida zuwa wancan ba. Mafi sauƙi shi ne ka gina React ka bar Express ya riƙa bayar da fayilolinsa, hanyoyin bayanai kuma su zauna ƙarƙashin /api a adireshi ɗaya, sai maganar CORS, wato izinin da burauza ke nema tsakanin adireshi biyu, ma ta kau gaba ɗaya. Idan kamfanin da ka ɗora a wurinsa yana karɓar HTTPS a gaba kafin ya miƙo wa Express, ka ƙara app.set('trust proxy', 1), in ba haka ba express-session zai ɗauka hanyar ba a rufe take ba, ya ƙi aika kukin da ke da Secure. Ka gwada waɗannan biyu yau, ka buɗe sashen kuki a kayan binciken burauza ka gani ko connect.sid ya zauna, sannan ka sanar da mu.