Wuƙar da ƙanena ya kawo mini ta fara ƙurji, in kai ta wurin masu wasa?

Badukun Birni:
Assalamu alaikum. Ni baduku ne a Birni, nan Damagaram, na fi shekara 20 ina yankan fata, saboda haka wuƙa ba baƙuwata ba ce. Amma wadda ƙanena ya kawo mini tsaraba daga Amurka ta mayar da ni ɗan koyo. Mai naɗewa ce, Sebenza 21, ta kamfanin Chris Reeve. Da ya ce kuɗinta ya haura dala 400 sai na ce jikka 2 ai ba tsada. Ya yi ta dariya, ashe dalar Amurka yake nufi, ba tamu ta ƙirga ba. Sama da jikka 200! Na ce masa da rago ka saya mini.

Daren nan dai ban yi barci da wuri ba, ina ta juya ta a gaban fitila. Ƙotar ƙarfe ce mai launin toka, wai titaniyom, ba ado ko kaɗan, kuma ba ta da nauyin da ido ke zato. Abin da ya kama ni shi ne makullinta. Ba su ƙara wani ƙarfe daban ba, jikin ƙotar suka tsaga tsaga ɗaya, to in ka buɗe sai wannan ɓangaren ya faɗa bayan wuƙar ya tokare ta, ka ji "ƙas". In ka riƙe ta, hannunka ma ƙara danne makullin yake. Na kama tsinin na girgiza hagu da dama, ko motsi. In ka rufe kuma, ka ɗaga ta ka leƙa, bakin yana zaune a tsakiya daidai wa daida, haske ɗaya ta kowane gefe. Bayan wuƙar ma sun kashe masa kusurwa, yatsa na zama a kai ba ya jin ciwo. Mai ɗinkin jaka ya san wahalar daidaita gefe biyu a fata mai laushi, balle ƙarfe.

Matsalata biyu. Tun shigowar hunturu ƙura ta shige ta, in na buɗe sai in ji tana ƙurji kamar an zuba mata rairayi. Sannan na yanka kirgi da ita sosai, kaifin ya ɗan kwanta. In kai ta Kasuwar Dole ranar Alhamis a wasa mini, ko kuwa?

Tsohon Maƙeri (Zango):
Ɗana, kada ka kuskura ka kai ta kan injin wasa. Ba aibin masu wasan nake faɗa ba, aikinsu na adda da gatari ne. Dutsen inji yana ɗora wa baki zafi, in ka ga ƙarfe ya canza launi ya yi shuɗi, to taurin da aka ba shi ya tafi, kuma ba ya dawowa a wurinka. Ka sami dutse mai laushi, ka bi kusurwar da suka yi mata a hankali, ka ƙare a kan fata yadda wanzami ke yi wa aska. Fata kuwa ba ni zan koya maka ba.

Ɗan Sabon Gari:
Gaskiya malam, ni ban ga abin ba. Opinel lamba 8 nake riƙe da ita shekara da shekaru, ƙotar icce, zoben da ake murzawa ya kulle ta, Faransawa na yin wuƙaƙen Opinel tun 1890. Da ita nake fiɗa ranar layya, in ta dushe in goga ta a gindin kofin shayi ta dawo. In ta ɓata ba zan yi kuka ba. Taka fa, in ta faɗi a kabu-kabu sai an yi maka jaje.

Mai Gyaran Agogo:
Yaya Baduku, ƙurjin nan ba lalacewa ba ne. Duba cikin akwatin da ta zo, akwai ɗan makulli mai kusurwa 6, don ka kwance ta da kanka suka saka shi. Ka shimfiɗa farin ƙyalle tukuna. Za ka tarar da zobba sirara guda 2 na tagulla, wuƙar a tsakaninsu take juyawa, da wani ɗan bututu da ƙusar ke ratsawa. Wannan bututun ne sirrin: tsawonsa an auna shi daidai, shi ya sa ko ka ɗaure ƙusar tam wuƙar ba ta cijewa. Ka lura da wane zobe ke wane gefe, don ba girmansu ɗaya ba. Goge su, shafa giris ɗan kaɗan, in ya yi yawa shi ke kiran ƙura.

Ƙarfen kuma in S35VN ne aka rubuta a katinta, yana da tauri ƙwarai, dutsenmu na gida zai daɗe bai ci shi ba. Ka ce wa ƙanen naka ya aiko da dutse mai garin lu'ulu'u. Af, sunan Sebenza ma kalmar Zulu ce, ma'anarta aiki. Shi Chris Reeve mutumin Afirka ta Kudu ne kafin ya koma jihar Idaho ta Amurka.

Badukun Birni:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma, ba za ta ga inji ba. Na kwance ta bayan la'asar kamar yadda mai agogo ya ce. Abin da ya fito daga ƙarƙashin zobban nan ja ne wur, ƙasar Birni ce da garin fata. Zobe ɗaya ya gangara ƙarƙashin tabarma, sai da na tashi yara biyu nema. Yanzu ta koma santsi. Ɗan Sabon Gari kuma, ka kawo Opinel ɗin taka rumfata, mu gwada su a kirgi ɗaya. Kube zan ɗinka wa tawa da jar fatar akuya, ina tunanin in saka mata igiya a wuya saboda maganarka ta kabu-kabu.