Shin sukari kaɗai ne ke sa fankiriyas ta saki insulin?

Ɗalibin likitanci: Ina ganin sukari ne kaɗai ke sa fankiriyas, wato gaɓar nan da ke bayan tumbi, ta saki insulin, sinadarin da ke rage sukarin jini, kuma amino asid da ke fitowa daga furotin ba su da hannu a ciki.

Malamar ilimin aikin jiki: Ɗana, wannan magana ba ta tsayu ba. Idan aka ware fankiriyas ɗin ɓera ana ratsa ta da ruwa mai ɗauke da arjinin, wanda ɗaya ne daga cikin amino asid, za a ga ta saki insulin da kuma gulukagon, sinadarin da ke ɗaga sukarin jini, domin arjinin yana shiga ƙwayoyin beta, wato masu samar da insulin, da cajinsa na lantarki, sai ya sauya wutar da ke jikin bangonsu, ƙofofin kalsiyam su buɗe. Lusin kuwa, shi ma amino asid ne, amma hanyarsa daban ce, domin yana zaburar da sinadarin da ke sarrafa wani amino asid mai suna gulutamet, ƙwayar ta sami ƙarin makamashi.

Ɗalibin likitanci: Malama, ai arjinin ba ya yin wani abin kirki wajen sakin insulin idan babu sukari a ruwan.

Malamar ilimin aikin jiki: A nan ka yi gaskiya, sukari ne ke share masa fage. Amma kai cewa ka yi amino asid ba su da hannu ko kaɗan.

Likitan dabbobi: Ni abin da ya dame ni shi ne yadda kuke mantawa da gulukagon. A shekarar 1972 Roger Unger da abokan aikinsa a birnin Dallas na Amurka sun gwada amino asid 20 a jikin karnuka, suka tarar galibinsu suna ɗaga gulukagon, in ban da lusin da aisolusin da balin. Da insulin kaɗai ke tashi bayan kare ya ci nama zalla, da sukarin jininsa ya faɗi warwas, gulukagon ne ke sa hanta ta cike giɓin.

Ɗalibin likitanci: To Dakta, a ɓera, cikin curin ƙwayoyin fankiriyas, na beta suna tsakiya, na alfa masu samar da gulukagon suna gefe, a mutum kuwa a cakuɗe suke. Ta yaya za a yi mana hukunci da dabba?

Likitan dabbobi: Wannan tambaya ce mai nauyi, ban raina ta ba. Sai dai tun 1956 aka bayyana yaran da sukarinsu ke faɗuwa idan sun ci lusin, kuma a 1998 aka gano cewa wasu masu irin wannan larura sinadarin nan mai sarrafa gulutamet ne ke aiki fiye da kima a jikinsu.